Sauke Kayan da Ke Kai: Faɗakarwa ga Masu Ƙananan Sana'o'i a Suleja

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'ar Suleja da kewaye, na Madalla da Kwamba da Maje da Gauraka, da waɗanda ke saurarenmu a cikin mota kan hanyar dawowa daga Abuja, barkanmu da warhaka.

Shirinmu na yau na masu neman na kansu ne. Mai kanti a bakin titi, tela, mai shayi, mai walda, mai POS, Hajiya mai abinci, ɗan kasuwar IBB da ke zaune a rumfarsa tun safe, da uwargida mai sayar da ƙanƙara da zoɓo a cikin gida, da ku nake magana. Za mu tattauna a kan gajiya, da yadda mutum zai sauƙaƙa wa kansa aiki ba tare da cinikinsa ya ragu ba.

Gajiya iri biyu ce. Akwai ta jiki, wadda wanka da tuwo da barci ke maganinta. Akwai kuma wadda ke bin mutum har kan shimfiɗa: ya kwanta, idonsa biyu, yana lissafi. Nawa nake bin wane? Na biya mai buredi kuwa? Kuɗin shago saura wata nawa? Alat ɗin nan na ɗazu ya shigo ko bai shigo ba? Wannan ta biyun ita ce ke cin mutane, kuma asalinta guda ne: mai sana'a ya ɗora shagonsa gaba ɗaya a kansa. Shi ne mai saro kaya, shi ne mai sayarwa, shi ne ma'aji, shi ne littafin bashi, shi ne mai gadi. Abin da nake so mu tashi da shi yau shi ne yadda za a sauke wannan kaya kaɗan-kaɗan, a ajiye kowanne a inda ya dace.

Mu fara da garin namu, domin kasuwancin Suleja yana da tasa ɗabi'a. Kowa ya san nan ce Abuja ta asali. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa sabon babban birnin tarayya a 1976, aka ba birnin sunan, garinmu kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga nan rayuwar garin ta ɗaure da ta birnin. Dubban ma'aikata a nan suke kwana saboda sauƙin haya, su yi sammako su bi ta Madalla da Zuba, ba su dawowa sai bayan magariba ko isha.

To, me wannan ke nufi ga mai shago? Abu biyu. Na farko, masu sayen kayanka da yawa ba sa gari da rana. Ciniki yana zuwa da sanyin safiya, ya kwanta da hantsi, ya sake tashi da dare. Shi ya sa za ka ga mutum ya buɗe ƙarfe 7 na safe, bai rufe ba sai 10 na dare. Awa 15 ke nan. A kwana shida ya yi awa 90, in kuwa ba ya hutun ko kwana ɗaya, ya yi 105. Na biyu, mai albashi sau ɗaya yake ganin kuɗi a wata. Daga tsakiyar wata sai ka fara jin "rubuta mini, in an yi albashi zan kawo." Saboda haka mai sana'a a Suleja yana fama da doguwar rana da kuma tarin bashi fiye da takwaransa na garin da noma ko kiwo ke riƙe da shi.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙorafin ragwaye ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ɗara na mai aikin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin 100. Sun ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka rasu a duniya ta dalilin doguwar ranar aiki. Awa 55 ake magana. Mu kuwa muna da masu yin 90. Alhaji, in ka faɗi yau, wa zai buɗe shagon gobe? Wa ya san waɗanda kake bi? Wannan tambaya ita ce ta kawo mu ga mataki na farko.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Mataki na farko, littafi. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya isa, guda biyu: ɗaya na ciniki, ɗaya na bashi. A na ciniki, kowace rana shafinta: abin da ya shigo, abin da ya fita, ko da kuɗin ruwan leda ne. A na bashi, kowane mutum shafinsa: ranar da ya karɓa, abin da ya karɓa, ranar da ya ce zai biya. A rubuta a gabansa, a karanta masa ya ji.

Na san abin da wasu za su ce: "Ai kunya nake ji in rubuta wa maƙwabcina bashi a gabansa, kamar ban yarda da shi ba." Ɗan'uwa, ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Abin da addini ya yi umarni da shi babu abin kunya a cikinsa. Rubutu yana kare zumunci. Rigimar da ake kai wa gaban mai unguwa ko shugabannin kasuwa, yawancinta daga "dubu uku ne" da "a'a, dubu biyu ne" take farawa. Wanda kuma bai yi boko ba, ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba, ɗansa ko 'yarsa da ke firamare za su iya zama da shi minti goma bayan isha. Yaron ma ya ƙaru da lissafi.

Amfanin littafi ga lafiyarka shi ne wannan: abin da ka rubuta, ba sai ka riƙe shi a ka ba. Ka rufe littafi, ka rufe shago, lissafin ya kwana can.

Mataki na biyu, raba kuɗin shago da kuɗin gida. A nan ne jari ke zurarewa ba a sani ba. Bari mu yi misali. A ce mai kanti ya yi cinikin naira 60,000 a rana, ribarsa a ciki 6,000. Da safe ya zari 5,000 na cefane. Da rana ƙaninsa ya zo da matsala, ya ba shi 2,000. Da yamma ya sayi kati da man babur na 1,500. Ya kashe 8,500, alhali riba 6,000 ce. Ya ci 2,500 daga uwar kuɗi. Bai ji a jikinsa ba, domin aljihu cike yake da cinikin ranar. A wata guda ya ci 75,000. Bayan wata shida sai ya ga kantocin shago sun fara yin fili, ya shiga zargin yaron shago, ko ya ce an yi masa baki.

Maganin wannan shi ne ka yanka wa kanka albashi. Ka duba littafin ciniki, ka ga ribar gaskiya, ka ce kaza ne nawa a rana ko a mako, saura na shago ne. Ka ware wuri uku: na sari, na gida, da na manyan biyan da ka san suna tafe, wato haya da haraji da gyaran janareto. Hayar shago ba ta faɗo wa mutum bagatatan, shekara guda kake da ita ka shirya. In hayarka 240,000 ce, 20,000 ke nan a wata, abin da bai kai 700 ba a rana. Adashi da mutanen kirki yana yin wannan aiki, asusun banki na daban ma yana yi. Wanda ya ware 700 kullum ba ya ɓuya in ya hango wanda ya ba shi hayar shago.

Taimakon 'yan'uwa kuwa ba za mu daina ba, domin shi ne mutuncinmu. Amma ya fito daga kasonka, ba daga jarin shago ba. Jarin nan shi ne zai ba ka damar taimaka musu baɗi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda mai ƙaramar sana'a zai rage wa kansa wahala da damuwa. Mun yi maganar littafi, mun yi ta raba kuɗi.

Mataki na uku shi ne kafa ƙa'ida. Wani babban abin da ke gajiyar da mai sana'a shi ne yanke hukunci iri ɗaya sau hamsin a rana. Wannan in ba shi bashi ko in hana? Wannan in rage masa ko kada in rage? Kowane ɗaya sai ka yi kokawa da zuciyarka, ka ba da kana jin haushi, ko ka hana kana jin nauyi. Zauna sau ɗaya, da kwanciyar hankali, ka yanke. Misali: ba na ba da sabon bashi sai an biya tsoho. Bashin mutum ɗaya ba ya wuce kaza. Kaya ba ya barin shago sai na ga kuɗi a asusuna da idona, ba a wayar mai saye ba, domin alat na bogi ya sha cinye wa mutane jari. In ka rubuta waɗannan a kwali ka liƙa a bango, ka huta da dogon bayani. Mai saye ba zai ce shi kaɗai ka ƙi ba, tunda kowa haka ake yi masa.

Teloli, ku matso kusa da rediyo. Kowace shekara in azumi ya raba tsakiya labarin ɗaya ne: an karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin keke da mai keke, ana kwana a shago, ana kashe waya, ranar jajiberi ana faɗa, wani ma har ofishin 'yan sanda. Kai ka san kaya nawa kake iya gamawa a rana in akwai wuta, ka kuma san nawa kake iyawa in babu. Yi lissafi da ranar da babu. In kala uku ne, kuma saura kwana 20, to 60 ne iyakarka. Na 61 ka ba shi haƙuri, ka nuna masa wani tela. Wanda ka ba haƙuri zai dawo bayan salla. Wanda ka hana shiga sabon kaya ranar idi ba zai dawo ba, kuma sai ya gaya wa mutum goma.

Mataki na huɗu, rage abin da ba ya tafiya. Littafin cinikinka zai nuna maka wani abu da zai ba ka mamaki: kaya ƙalilan ne ke kawo yawancin kuɗin, sauran suna zaune suna shan ƙura, sun riƙe jari, wasu har su lalace. Karya farashinsu su fita, ka mayar da kuɗin kan abin da ake nema kullum. Haka Hajiya mai abinci: kala bakwai a tukwane bakwai yana nufin cefane bakwai da wanke-wanke bakwai da ragowa bakwai. Kala uku da aka san ki da su sun fi albarka.

Sari ma yana son tsari. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama wani babban kaso na kuɗin kaya. Mai zuwa Kano ko Kaduna ko Onitsha sari, kowace tafiya tana cin kuɗi, tana cin kwanaki, tana cin jiki, ga fargabar hanya. In kana da amintaccen dila da kuka daɗe tare, waya da hoton kaya a WhatsApp suna iya rage tafiya uku ta koma ɗaya. 'Yan layi ɗaya kuma za su iya haɗa oda, mutum ɗaya ya je, a raba kuɗin mota, a samu ragin sari mai yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mataki na biyar shi ne wanda ya fi yi wa iyayen gida wuya: sakin wani abu ga wani. Da yawa suna da yaron shago shekara uku, amma bai san farashin sari ba, bai taɓa rufe lissafin rana ba, aikinsa shara da miƙo kaya. Maigida kuwa ko jana'iza ya je hankalinsa na shago. In ka tambaye shi sai ya ce yaran yanzu ba amana. Gaskiya ne akwai marasa amana. Amma shagon da babu littafi, babu farashi a rubuce, babu ƙirgen kaya, ko mai amana ka saka a ciki sai zargi ya shiga tsakaninku, domin babu abin da zai wanke shi. Matakan da muka ambata a baya su ne ke sa a iya ba da amana. Fara da kaɗan: bar masa shago daga azahar zuwa la'asar, lokacin da ciniki ya kwanta. Ka dawo ku duba littafi tare. Ka yanka masa haƙƙinsa a fili, ka biya a kan lokaci, ka kuma gaya masa ranar da za ka yaye shi. Yaron da ya san akwai gobe a gabansa ba ya ɓata yau.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Sai maganar kayan zamani. Ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, mutane suka kwana a layin banki. A lokacin ne mai kayan miya da mai nama da mai shayi suka koyi karɓar taransifa, sunayen OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga bakin kowa. Waɗannan abubuwa suna da amfani: sun rage neman canji, sun rage yawo da kuɗi da dare, kuma suna ajiye tarihin abin da ya shigo. Amma kowane sabon abu ka auna shi da tambaya ɗaya: ya rage mini aiki ko ya ƙara? Asusu huɗu a waya ɗaya, kowanne da lambar sirrinsa, ƙarin ciwon kai ne. Ɗaya na shago, ɗaya na gida, ya wadatar. Lambar sirri kuma ba a ba kowa, ko da ya kira ya ce daga banki yake.

Muna da abin koyi a nan cikin garinmu. Ku ɗauko naira 20 ku juya bayanta, za ku ga Ladi Kwali tana gina tukunya. A nan Suleja ta yi aiki, a cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya buɗe a farkon shekarun 1950. Ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu da sabuwar hanyar gashi, amma ba ta yar da ginin hannu da zanen Gwari da ta taso da su ba. Ta ɗauki abin da zai ƙarfafa aikinta daga sabon ilimi, ta riƙe abin da ta fi kowa iyawa, har tukwanenta suka kai Landan. Haka ya kamata mai sana'a ya yi da waya da POS da duk abin da zai zo gobe.

Mataki na ƙarshe, lokacin tashi. Tunda mun san cinikin Suleja safe da dare ne, to tsakiyar rana ta zama ta hutu: a ci abinci a zaune, a yi salla a natse, a ɗan kishingiɗa. A sa lokacin rufewa, a kuma tsaya a kansa, masu saye za su saba. A ware wuni ɗaya ko rabin wuni a mako, Juma'a ko Lahadi, na iyali da zumunci. Iyaye mata masu sana'a a gida, ku naku ya fi tsanani, domin shagon da ɗakin kwana wuri ɗaya ne, yara suna sallama sayen maggi har sha ɗayan dare, ga girki ga reno. Ke ma kina da ikon cewa an tashi. Maigida, ka taya ta tsare wannan lokaci.

Kuma don Allah a riƙa auna jini. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana iya yawo da shi shekaru bai sani ba. Awon ba ya ɗaukar minti biyar a asibiti ko a babban kantin magani. Yawan ciwon kai, rashin barci, faɗuwar gaba, saurin fushi da iyali, duk alamu ne da ya kamata a kai wa likita. Maganin ƙarfi da ake haɗawa a bakin titi da lemon kwalba masu hana barci ba sa cire gajiya, ɓoye ta suke yi har ta yi illa. In damuwa ta kai mutum ga ƙin abinci, ko ƙin shiga mutane, ko jin rayuwa ta ishe shi, to ya gaya wa wani na kusa, a je asibiti. Neman magani ba raunin imani ba ne.

Na sani akwai abin da ya fi ƙarfin littafi da ƙa'ida: rashin wuta, tsadar kaya, masu karɓar haraji kala-kala. Waɗannan ba mutum ɗaya ke tunkararsu ba, aikin ƙungiyar 'yan kasuwa ne da ta masu sana'a, shi ya sa halartar taronsu da neman rasit a kan duk abin da aka biya yake da muhimmanci. Amma kasancewar wasu matsalolin sun fi ƙarfinmu ba dalili ba ne na barin waɗanda ke hannunmu. Arziki na Allah ne, kuma Shi ne ya ba mu jikin nan amana.

Ga aikin wannan mako, guda ɗaya tak. Kada ka ce za ka yi duka shida gobe, za ka gaji ka watsar. Sayi littafi yau. Daren nan ka zauna ka rubuta sunan duk wanda kake bi da duk wanda ke binka, da adadin kuɗin. Kwana bakwai ka rubuta shige da ficen kuɗin shago ba tare da tsallake rana ba. Rana ta takwas ka duba, ka yanka wa kanka albashi. Sauran matakan za su zo da sauƙi, domin dukkansu a kan wannan littafi suke tsaye.

A nan za mu dakata. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba marasa lafiya lafiya, ya hore wa masu bashi abin biya, ya zaunar da garinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)